Ciki ya doshi wata tara, yaro yana zaune: a jira, a juya shi, a yi aiki, ko a haife shi haka?

'Yar ƙanwata ce ta kira ni bayan sallar isha'i, daga ƙauyen da take aure a kudancin Gadarif da ke gabashin Sudan, ta wajen garin Doka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Inna, yau daya, wato ungozoma, ta taɓa cikina, ta ce kan yaron yana sama, a zaune yake. Uwar mijina ta ce a kira tsohuwa ta murza shi ya juya. Mijina kuma ya ce gara a yi gaisariyya, wato aikin tiyata, kowa ya huta. Ni na rasa ta wa zan bi." Cikin fari ne, sati 34, ga damina ta kankama.

Na ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Yau ba ranar yanke shawara ba ce, amma ranar ta kusa, kuma ina so ta same ki a shirye."

Na daɗe ina aikin ungozoma, kuma duk macen da ta kawo mini wannan tambaya, da ra'ayin mutum biyu ko uku take zuwa a bayanta. Abin da na faɗa wa 'yata a daren nan shi zan shimfiɗa a nan.

Zaman yaro kafin ciki ya cika wata takwas ba ciwo ba ne. A sati 28, wajen yaro ɗaya cikin huɗu ko biyar kansa a sama yake, domin yana da filin juyawa yadda ya so. Yana girma wurin yana matsewa, mahaifa kuwa kamar gora ce da aka kifa, faɗinta a sama, wuyanta a ƙasa. Ɗuwawu da ƙafafu sun fi kai cin wuri, sai su nemi sama, kai ya gangaro ƙugu. Zuwa lokacin haihuwa, 3 ko 4 cikin 100 ne kaɗai suke nan a zaune. Wasu da dalili: mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko ƙari a mahaifa, ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko tagwaye ne, ko kuma halittar mahaifar ce ta zo da wata siffa. Da yawa kuwa babu dalilin da za a nuna da yatsa. Ba ɗaukar ruwa ke jawo shi ba, ba daka ba, ba kwanciya ta gefe ɗaya ba. Ina nanata wannan ne saboda na sha ganin yarinya tana hawaye tana ɗora wa kanta laifi.

Kafin kowa ya ce ga abin da za a yi, a je a yi hoton ciki, mojat ɗin nan. Hannu yana kuskure. A Ostireliya an taɓa gwada laluben hannu da hoto, aka ga hannu yana rasa wajen 3 cikin 10 na yaran da ba su kwanta da kai ba. Ni kaina na taɓa riƙe ɗuwawu mai tauri na ce kai ne, sai da naƙuda ta yi nisa gaskiya ta bayyana, kuma har yau ban manta wannan daren ba. Idan likita ya ce miki "mag'adi", wato yaro a zaune yake, kada ki tashi daga gadon tukuna. Tambaye shi ina mabiyiya take, ruwa ya isa ko bai isa ba, nauyin yaro nawa ne, wuyansa a sunkuye yake ko ya ɗaga kai kamar mai kallon sama. Sannan ki tambayi irin zaman, domin zama suna ya tara. Wani yaron a ninke yake, ɗuwawu a ƙasa, ƙafafu a miƙe har fuska. Shi ya fi yawa, musamman a cikin fari. Wani ya tanƙwashe ƙafa kamar almajiri a gaban malam. Wani kuwa ƙafarsa ce ta riga ɗuwawu sauka, kuma shi ne abin tsoro, domin ƙafa ba ta toshe bakin mahaifa. Faya na fashewa cibiya za ta iya sulalowa ta riga yaro fita, ta matse, jini ya daina isa gare shi. Wanda ya kwanta a gicciye kuwa maganarsa daban ce: ko dai a juya shi, ko a yi aiki, ba ya fitowa a haka.

Jira shi ne abin da ya fi sauƙi, kuma kafin sati 36 shi ne daidai. Bayan sati 36 lissafi ya canza. Mai cikin fari, wajen 8 cikin 100 ne yaransu ke juyawa da kansu daga nan. Wadda ta haihu a baya ta ɗan fi sa rai, domin mahaifarta ta saki. Mata suna tambayata game da durƙuson nan irin na sujada, ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, ko kwanciya a ɗora ƙugu kan matashi. An gwada su, ba a ga sun fi zama haka kawai juya yaro ba. Ba na hana kowa, tunda ba kuɗi ake biya ba kuma ba ya cutarwa in ba ki da hawan jini ko jiri. Addu'a kuwa a yi ta yi, ni ma ina yi wa kowace mai ciki da ta shigo hannuna. Illar jira ɗaya ce: yana cinye makonni biyu ko uku da za a iya yin wani abu a cikinsu, sai naƙuda ta zo da tsakar dare ta yanke wa kowa shawara.

Murzar tsohuwa fa? Ina girmama tsofaffinmu, da yawa daga cikinmu a hannunsu muka faɗo duniya. Kuma tunaninsu daidai ne, lallai ana iya juya yaro daga waje. Matsalar ita ce tsohuwa ba ta ganin inda mabiyiya take, ba ta jin bugun zuciyar yaro yayin da take dannawa. In mabiyiya ta ɓantare daga jikin mahaifa, jinin zai iya taruwa a ciki ba a gan shi ba, kuma babu ɗakin tiyata a bayan ɗaki. Don haka na ce wa 'yata ta gaya wa uwar mijinta cikin ladabi, "Iya, za a juya shi kamar yadda kika ce, amma a asibiti."

Wannan juyin na asibiti shi ne hanyar da gidajenmu suka fi rashin sani, kuma ita nake so a fara tambaya. Ana yin sa daga sati 36 ga mai cikin fari, daga sati 37 ga wadda ta taɓa haihuwa. Ba yanka, ba sa hannu ta ƙasa. Za ki kwanta, a duba da hoto, a saurari zuciyar yaro na ɗan lokaci. Sai a yi miki allurar da ke sassauta mahaifa. Za ki ji gabanki yana bugawa da sauri, hannu na ɗan rawa, yana wucewa. Likita zai sa hannu ɗaya ya ɗago ɗuwawun yaro daga cikin ƙugu, ɗaya hannun a bayan kansa, ya bi da shi a hankali har ya yi alkafura. 'Yan mintoci ne. Da zafi, ba zan ɓoye miki ba, wasu matsi kawai suke ji, wasu kuwa har su riƙe gefen gado. Kina da ikon cewa a tsaya, kuma za a tsaya. Bayan an gama, ko ya juya ko bai juya ba, za a sake sauraron zuciyarsa kafin a sallame ki. In jininki mai alamar ragi ne, wato nagatif, sai an yi miki allurar anti-D. Ki tuna musu da bakinki.

Rabin waɗanda aka gwada wa suna dacewa: wajen 40 cikin 100 a cikin fari, wajen 60 cikin 100 ga wadda ta haihu. Yaron da ya juya ba kasafai yake komawa ba, ba su kai 5 cikin 100 ba. Haɗarinsa kuwa, wajen mace ɗaya cikin 200 ce ake yi wa aikin gaggawa saboda jini ko canjin bugun zuciyar yaro, shi ya sa ba a yin sa sai inda za a iya shiga tiyata nan take. Ba a yi wa wadda mabiyiyarta ta tare hanya, ko ta ga jini a satin, ko fayarta ta fashe, ko mai tagwaye, ko wadda zuciyar yaronta ba ta bugawa daidai. Wadda aka taɓa yi wa aiki sau ɗaya ba lallai a hana ta ba, likita ne zai duba.

Ki auna da kyau. In ya juya, kin koma sahun kowace mai ciki, ba tabo, ba kuɗin tiyata, ba neman jini. In bai juya ba, ba ki yi asarar komai ba sai wunin da zafin 'yan mintoci, sauran hanyoyi biyu suna nan. Ban san wani zaɓi a cikin wannan al'amari da ribarsa ta fi hasararsa nisa haka ba. Cikas ɗinsa shi ne ba kowane likita ke yi ba, wani bai koya ba, wani kuma ba zai kawo maganar ba sai an tambaye shi. Ki tambaya. In ya ce ba ya yi, ki ce ya nuna miki wanda ke yi.

To, an gwada bai juya ba, ko ba a sami mai gwadawa ba. Saura aikin da aka sa wa rana, ko haihuwa ta hanya yaro yana zaune. Nan ne gardama take a gidaje, nan ne kuma likitocin duniya suka daɗe suna tasu gardamar.

Sai an fahimci abin da ke sa haihuwar ɗuwawu wuya. Kai ne ya fi komai girma a jikin jariri. Idan shi ne a gaba, yana da awanni yana lallaɓawa cikin ƙugu, ƙasusuwansa suna ɗan hawa kan juna, in kuma ya ƙi wucewa akwai lokacin da za a kai uwa tiyata. Idan ɗuwawu ne a gaba, kai ne ƙarshen fita, kuma 'yan mintoci kaɗai yake da su, domin da zarar jiki ya fito zuwa cibi, cibiya ta shiga matsi tsakanin kai da ƙashin ƙugu. A wannan lokacin duk wanda bai iya ba abu ɗaya zuciyarsa ke raya masa: ya ja. Ja kuwa shi ne ɓarna. Hannuwan yaro su miƙe sama su maƙale, haɓarsa ta ɗaga, kan da zai wuce ya tsaya. Tsofaffin da suka koya mana, waɗanda suka fito daga makarantar ungozomomi ta Omdurman da aka buɗe a 1921, abin da suke fara dasa mana shi ne riƙe hannunki, bar uwa ta yi nishi, kada ki taɓa sai lokacin taɓawa ya yi, sannan ki san inda za ki taɓa.

A shekarar 2000 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da likitoci a Toronto ta Kanada suka jagoranta, mata 2,088 a asibitoci 121 na ƙasashe 26. Mutuwar jariri ko mummunan rauni ya kai 5 cikin 100 a wajen waɗanda aka shirya wa haihuwa ta hanya, 1.6 cikin 100 a wajen waɗanda aka shirya wa aiki. Daga nan asibitocin duniya suka karkata ga aiki. Da aka bi yaran har shekara biyu, ba a ga bambanci tsakaninsu a mutuwa ko jinkirin girman ƙwaƙwalwa ba. A 2006 kuma Faransa da Beljiyam suka fitar da nasu lissafin na mata fiye da 8,000, inda ake tace waɗanda suka dace sosai kuma hannuwan sun saba, ba su ga wani bambancin kirki ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta taƙaita abin a 2017 da cewa mutuwar jariri wajen 1 cikin 2,000 ce a aikin da aka yi bayan sati 39, wajen 2 cikin 1,000 a haihuwar ɗuwawu da aka shirya, sannan 1 cikin 1,000 a haihuwar kai ta yau da kullum.

Yawancin waɗannan alƙaluma daga asibitocin da wuta ba ta ɗaukewa suka fito, a riƙa tuna wannan. Abin da na ɗauka daga cikinsu shi ne, ga wannan yaron da ke ciki yanzu, aiki ya fi aminci, kuma tazarar tana ƙanƙancewa ne kawai idan an cika sharuɗɗa. Yaro ba mai ƙafa a gaba ba. Nauyinsa bai wuce kilo 3.8 ba, bai kuma yi ƙanƙanta ainun ba. Wuyansa a sunkuye. Naƙuda ta zo da kanta tana tafiya daidai. Akwai wanda ya karɓi irin wannan haihuwa sau da yawa, kuma zai kasance a wurin ko da ƙarfe uku na dare ne. Ɗakin tiyata yana kusa, a shirye. Duk da haka, wajen 4 cikin 10 na masu fara wannan hanya da aikin gaggawa suke ƙarewa, shi kuwa aikin gaggawa ya fi wanda aka sa wa rana wahalar da uwa.

Amma mijin 'yata da ya ce a yi aiki kowa ya huta, bai ƙirga duka ba. Aiki bashi ne da uwa ke ɗauka, kuma cikin gaba ne ke biya. Tun a yanzu akwai zubar jini, ga matanmu da yawa jininsu ya riga ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci. Akwai ruɓewar ɗinki, akwai makonnin da ba za ta ɗauki tulu ba, wankan jego ma sai an sassauta shi har ciwo ya warke. Sannan tabo ya zauna a mahaifa. Daga ranar, duk haihuwarta a asibiti ce, ba zaɓi, domin tabon yana iya yagewa a naƙuda, wajen 1 cikin 200. Tana buƙatar hutu, kamar shekara biyu, kafin wani cikin. Kuma aiki yana ƙaruwa haɗarin mannewar mabiyiya a jikin mahaifa yana hawa: a wani babban lissafi na Amurka, bai kai 1 cikin 100 ba har aiki na uku, ya haura 2 cikin 100 a na huɗu, ya kusa 7 cikin 100 daga na shida. Matan Turai masu haihuwa biyu ba su cika damuwa da wannan ba. Yarinya 'yar shekara goma sha tara da ita da mijinta ke fatan 'ya'ya bakwai ko takwas dole ta damu. Ta ɗaya ɓangaren, kada a tsorata ta fiye da kima: aiki ɗaya saboda zaman yaro ba ya nufin an rufe mata haihuwa da kanta. Wajen uku cikin huɗu na masu gwadawa bayan aiki ɗaya suna haihuwa lafiya.

Ga inda ni na tsaya. Mai cikin fari, wadda ba a taɓa gwada ƙugunta ba, in juyi bai yiwu ba, aiki a sati 39 nake ba ta shawara, sai fa in akwai gwanin da na san hannunsa. Wadda ta haifi uku ko huɗu ba wahala, yaron a ninke yake, matsakaici ne, kuma asibitin ya cika sharuɗɗan da na faɗa, ba zan ce ta yi ganganci ba in ta zaɓi haihuwa da kanta, har ma zan tsaya mata a gaban dangin miji. Mai ƙafa a gaba, aiki. Haihuwar ɗuwawu a gida da gangan kuwa, ko ta haifi goma, ban yarda ba. Allurar ƙara naƙuda ko jiƙon gaggauta haihuwa a ɗaka, ga yaro a zaune, wannan kada ma a kawo shi kusa da ita.

Duk wannan magana tana rushewa in hanya ta yanke. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san abin da ruwan dare ɗaya ke yi mata. Tafiyar awa ɗaya da rani takan zama ta wuni, wani lokacin tarakta ce kaɗai ke fita. Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan mutanen garin Madani sun kwararo mana a ƙarshen 2023, asibitoci sun cika, abin da ake samu bara ba lallai a same shi bana ba. Mai gida ya je da ƙafarsa ya tambaya: akwai mai ba da maganin barci da dare? In wuta ta ɗauke akwai janareta? Jini fa, sai mun kawo masu bayarwa? Ya nemi 'yan'uwa biyu a gwada jininsu tun yanzu. Kuma ko an sa ranar aiki, wajen mace ɗaya cikin goma naƙuda na riga ranar zuwa. Al'adarmu ta goyon ciki ta riga ta ba mu mafita: yarinya ta tafi gida haihuwa ba wanda zai ce don me. A wannan karon a zaɓi gidan dangin da ya fi kusa da asibiti mai tiyata, ko da ba na iyayenta ba ne, ta tare tun sati 36.

In faya ta fashe, ko ta ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ko mara ta fara ɗaurewa a kai a kai, a tafi a lokacin, ba a jiran gari ya waye. In an ga cibiya ta leƙo, kada a tura ta ciki, kada a ja ta. Uwa ta durƙusa ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, a ɗauke ta a haka har asibiti. Bayan an sauka lafiya kuma, yaron da ya daɗe a zaune a duba masa ƙashin kwatangwalo wajen sati shida, ko ta wace hanya aka haife shi, domin gocewar wannan gaɓa ta fi yawa a cikinsu, kuma in an gano da wuri gyaranta da sauƙi.

'Yata ta iso gidana a bayan lori kwana tara da wayar nan, an sami kwana biyu ba ruwa hanya ta ɗan sha iska. Uwar mijinta ce ta rako ta da kanta. Hoto ya nuna yaron a ninke yake, mabiyiya a sama, ruwa ya isa. Ƙannen mijinta biyu sun je an gwada jininsu. Sai da muka tambayi likita na biyu kafin muka sami mai juyawa, ya ce mu zo ranar Talata da safe, kada ta ci abinci mai nauyi, ta taho da katin awonta da kayan kwana ko da za a riƙe ta.